Ranin da Na Yi Rainon Tumatir

Ni tela ne, ɗan tela. Har na kai shekara ashirin da 'yan kai, abin da hannuna ya sani a gona bai wuce dawa da gero da gyaɗar damina ba, su ma ɗin don dole ne, kowa na yi. Da an yi girbi sai in koma zaurenmu in zauna gaban kekena na hannu, in yi ta ɗinka taguwa da wanduna har ruwa ya sake faɗuwa. Ƙauyenmu yana tsakanin Ƙofa da Bebeji. A gabas da mu akwai fadama da wani rafi da ba ya ƙafewa sai can tsakiyar bazara, amma ni ba na zuwa wurin sai in ratsewa zan yi.

Surukina kuwa a wannan fadamar ya yi rayuwarsa. Lambu yake yi, yana ban ruwa da jigo, wato doguwar sandar nan mai guga a kai ɗaya da curin laka a ɗaya kan. Yana sa albasa da barkono, amma da tumatir aka san shi, a lokacin da masu sa tumatir a yankinmu ba su da yawa. Shekara biyu da aurena da 'yarsa, saura 'yan shekaru a samu mulkin kai, sai ya ɗaura niyyar aikin hajji ta ƙasa, shi da wasu abokansa, ta Barno zuwa Sudan. A wancan zamanin wanda ya kama wannan hanya ba a tambayarsa ranar dawowa. Babban ɗansa yana haƙar kuza a Jos, ba shi da wani namiji a kusa. Sai ya aiko aka kira ni.

Na same shi a lambu da hantsi. Na durƙusa na gaishe shi, kaina a ƙasa. Ya ce ba ya so wurin ya kwana rani guda babu ruwa, don in ƙasa ta saba da zama banza sai ciyawa ta gaje ta. Ya ce in riƙe masa tumatir kawai, sauran ya yafe. Ya miƙo mini wani ɗan gora da iri a ciki, sannan ya shiga yi mini bayani, yana tafe yana nuni da ƙafa: nan za ka yi komin raino, ga yadda ake yafa iri, ga yadda ake rufewa, ga ranar da za ka yaye rufin. Komi shi ne ɗan filin da ake yi wa baki da ƙasa don ya riƙe ruwa. Shi kaɗai na fahimta a duk abin da ya faɗa. Kunyar suruki ta toshe mini kunne, ina ta kallon yatsun ƙafata.

Da ya gama ya ce, "Ka gane ko?"

Na ce, "Na gane, Baba."

Bayan tafiyarsu da mako biyu na fara aiki. Na gyara komi biyu, na farfasa ƙasa, na zazzage goran nan kaf a kansu. A ganina iri da yawa shi ne tsiro da yawa. Na rufe da busasshiyar ciyawa kamar yadda na tuna ya ce, na kama ban ruwa. Jigo ya ba ni wuya kwanakin farko. Sau biyu curin lakar ya kusa fyaɗa ni, sau ɗaya kuma na bi guga har gwiwa cikin rafi. Amma da na iya sai na ji daɗinsa, har ya zama ina ba su ruwa da asuba, in ƙara da azahar, in sake da la'asar.

Maƙwabcinmu a lambu wani dattijo ne mai albasa, abokin surukina tun suna yara. Baffa matata take ce masa, ni ma haka na bi. Mutum ne mara yawan magana. Yakan tsaya a bakin iyaka ya dube ni ina ta kwarara ruwa, ya gyara goron da ke bakinsa, ya koma aikinsa. Ran nan na tambaye shi ko daidai nake yi. Ya ce, "Ni albasa na sani, tela."

A kwana na shida na ɗaga ciyawa na ga ƙasa ta yi kore shar, tsiro a cushe kamar gashin kai. Ranar har waƙa na yi a hanya. Na shiga gida na gaya wa Inna, mahaifiyata, na gaya wa matata, na ce ashe aikin lambu ba wani abu ba ne, mutane ne ke zuzuta shi. Matata tana tankaɗe, ta ce, "Allah ya raya." Sannan ta tambaye ni ko na yaye ciyawar. Na ce ai da saura, rana za ta ƙona su. Ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da tankaɗenta.

Kwana huɗu bayan nan suka fara kwanciya. Da farko wani ɗan wuri ne kamar faɗin tafin hannu a tsakiyar komi, tsirran sun zube kamar an taka su. Washegari wurin ya kai faɗin faifai. Na ɗauka ƙishirwa ce, na ƙara musu ruwa. Kashegari abin ya tsallaka komi na biyu.

Ban gaya wa kowa ba. Ina dawowa gida in ce lafiya lau. Amma a makon nan na ɗinka wa wani mutumin Kiru taguwa, na sa mata aljihu ta ciki ta baya. Matata ce ta gani lokacin da take ninke ta. Ta kawo mini zaure bayan mutane sun watse, ta tsaya daga bakin ƙofar cikin gida, ta ɗaga taguwar.

Ta ce, "Malam, wannan mai shi ta baya zai riƙa ajiye goronsa?"

Na karɓa na juya ta na duba.

Ta ce, "Me ya sami irin?"

Sai na faɗa mata. Ban san na ƙosa in faɗa wa wani ba sai da na fara. Ta saurara har na gama, ba ta katse ni ba. Sannan ta ce gobe in ɗauki ƙwarya, in haƙo mata tsiro daga wurin da suka mutu, da na gefensa da suka fara laushi, da masu lafiya. Kada in tuge su, in ɗebo su da ƙasarsu.

A nan ne na tuna abin da ya kamata in tuna tun farko. Tun tana 'yar shekara shida take kai wa mahaifinta abinci lambu, in ta kai kuma ba ta dawowa sai yamma. Ita ke tsinke masa ciyawa a komin raino saboda ƙananan yatsu, ita ke tallan tumatir ɗin, har zuwa shekarar da aka kawo ta gidanmu. Tun daga nan ba ta sake taka fadama ba, don matan gidanmu ba sa fita sai biki ko gaisuwa. Ni kuwa shekara biyu ina zaune da ita, ban taɓa tambayarta komai game da shuka ba.

Da na kawo ƙwaryar ta juye ta a kan tsohon faifai a tsakar gida, inda haske yake. Ta ɗauki ƙasar ta matsa a hannu, ruwa ya tsattsafo ta tsakanin yatsunta. Ta sansana. Ta zaro tsiro ɗaya ta ɗora a tafin hannunta, ta ce in matso.

"Dubi nan, daidai inda ya haɗu da ƙasa."

Wurin ya tsuke ya yi siriri kamar zare, ya yi ruwan ƙasa, ya jiƙe. Samansa kore ne, ganyensa biyu lafiya lau.

Ta ce, "Ruɓewar gindi ce. Sau nawa kake ba su ruwa?"

Na ce sau uku.

"A kwana nawa?"

Na ce a rana.

Inna tana kaɗi a bakin ɗakinta, sai da ta ajiye mazari don dariya. Matata ta danne tata, amma na ga kafaɗunta suna motsi. Ta ce abu uku na haɗa musu: ruwa ya yi yawa, ciyawa ta hana su iska, su kuma sun cushe suna shaƙe juna. Waɗanda suka kwanta sun tafi, ba sa tashi. In kwashe su har da ƙasar wurin in zubar nesa. In yaye ciyawar gaba ɗaya. In yi kwana biyu ban ba su ko ɗigo ba. Ta shiga madafa ta ɗebo toka, ta tankaɗe, ta ce in haɗa da busasshen yashin bakin rafi in barbaɗa a gindinsu, kaɗan-kaɗan, kada in binne su. Daga nan ruwa sau ɗaya, da safe, shi ma sai na tura yatsa a ƙasa na ji ta bushe har gaɓa ta farko.

Sai kuma cira. Ta ce in rage su, in bar tazarar yatsa biyu tsakanin kowane tsiro da ɗan'uwansa. Wannan ya fi yi mini ciwo. Na ce yaya za a yi rabi sun mutu da kansu, sauran kuma in kashe da hannuna? Ta ce in ban yi ba ciwon zai yi mini, kuma shi ba ya zaɓe. Ni aƙalla zan iya barin masu ƙarfi.

Na yi yini guda a tsugune ina cira. Baffa ya zo ya tsaya a kaina ya daɗe, ya dubi tokar da na barbaɗa, ya dubi tarin tsirran da na cire. Da zai tafi ya gutsuro goro ya miƙo mini, abin da bai taɓa yi ba.

Ruɓewar ta tsaya. Cikin mako guda tsirran suka miƙe, suka fitar da ganye na uku mai tsaga-tsaga, wanda in ka murza shi ƙanshin tumatir yake yi. Na koma waƙa a hanya.

Sai wata safiya na tarar da wasu sun sake faɗuwa, ɗaya nan, ɗaya can. Na ce to, na san wannan. Na hana su ruwa, na ƙara toka. Washegari wasu suka ƙaru. Na ɗauki ƙwarya. Wannan karon ban jira aljihu ya tona ni ba.

Ta duba kututturen da na kawo, ta ce wannan ba ciwo ba ne, yanka ne. Ta nuna mini bakin wurin, a datse tsaf kamar da almakashina, babu ruɓa, babu laushi.

"Kan da aka yanke, kana tarar da shi a wurin ko ba ka gani?"

Na ce ban lura ba.

Ta ce in koma in lura. In kan yana yashe a gefen kututture, tsutsa ce, tana nan a nannaɗe cikin ƙasa kusa da gindin, in tona da tsinke zan same ta. In babu kan, gyare ne, shi yake ja ya kai raminsa. Na ce ba ta iya faɗa daga nan ba? Ta ce idonta bai kai fadama ba, nawa za mu yi aiki da shi.

Na koma a ranar, da rana tsaka. Babu kai ko ɗaya. Na rarrafa gefen komi, sai ga ramuka a jikin bakin ƙasar, kowanne da ɗan tulin sabuwar ƙasa a ƙofarsa. A bakin ɗaya ma ga ganyen tumatir ya leƙo, an ja shi rabi. Na yi yadda ta ce, na ɗebo ruwa a buta na riƙa ɗurawa a ramin a hankali. Ba a jima ba sai ga maigidan ya fito, ƙato, ja-ja, yana karkaɗe gashin baki. Na cafke shi. Kafin la'asar na tara fiye da goma a goran da irin ya zo a ciki. Na kai gida na zazzage wa kajin Inna, aka yi ta tsere a tsakar gida, Inna tana bin zakara da tsintsiya don ya bar wa masu 'ya'ya. Kwana uku ina wannan farauta, yankan ya ƙare.

Daga nan abin ya zama mana al'ada. Ko babu matsala sai in tsinko ganye ɗaya ko biyu in kawo. Bayan na yi sallar la'asar sai ta shimfiɗa tabarma, mu zauna da faifai a tsakaninmu. Tana duba ganye tana ba ni labarin lambun: wurin da ta taɓa faɗawa rafi, shekarar da birai suka gangaro daga dutse suka cinye musu barkono suka yi ta atishawa, yadda mahaifinta yake magana da shuka in ya ɗauka babu kowa. Ashe mai labari ce. Shekara biyu ina ɗaukarta mace mai shiru, ashe babu wanda ya tambaye ta abin da ta sani.

Sau ɗaya ta kuskure, kuma laifin rabi nata rabi nawa. Tsirran gefe ɗaya na komin farko suka yi dogon wuya, suka yi fari-fari, sirara, duk sun karkata waje guda. Ta duba ta ce har yanzu a cushe suke, in ƙara cira. Na ƙara. Ba su canza ba. Ta ce to ko yunwa ce, in sa musu tsohon takin awaki wanda ya ruɓe ya zama gari. Na sa. Suka ƙara tsawo, suka ƙara sirancewa. Abin ya dame ta har na ga ta rage cin abinci. Ta ce wannan ciwon na rashin rana ne, amma ita ta san lambun nan kamar tafin hannunta, babu itace a wannan gefen, babu abin da zai yi inuwa.

Ta ba ni tsinke ta ce in zana mata wurin a ƙasa. Na zana rafi, na zana jigo, na zana komaye biyu. Na ɗan ja wani layi a gabas da komin farko.

Ta ce, "Wannan mene ne?"

Na ce rumfata ce.

"Wace rumfa?"

Na ce ai tun da ban ruwa ya koma sau ɗaya, sai na ga ina da lokaci, na kafa 'yar rumfa na jingina mata zana biyu, ina zama ciki ina ɗinkin hula da hannu ina gadin awaki.

"A gabas?"

"A gabas. Nan ne ƙasa ta fi daidaituwa."

Ta ɗora yatsa a kan layin. Sannan ta ce, "Malam, hantsinsu kake zama a kai."

Washegari na tumɓuke rumfar na mai da ita yamma, can bayan jigo. Ta ce waɗanda suka riga suka yi tsawo kada in zubar, ranar dashe in binne wuyansu da zurfi har kusa da ganye, don tumatir yana fitar da saiwa a jikin kara. Kuma ta roƙe ni, daga yau duk abin da na kafa ko na tuge a lambun nan, ko turken jaki ne, in gaya mata.

Da sanyi ya kankama sai wani sabon abu ya fito. Bayan ganyen ya rine, ya yi launin shuni kamar an tsoma shi a marina, karan ma haka, kuma girmansu ya tsaya cak. Wannan bai bar komi ko ɗaya ba. Na taho gida da sauri har ina tuntuɓe. Ta juya ganyen, ta duba gindi, ta wanke saiwar a kasko ta ga fara ce tas.

Ta ce, "Sanyi ne. Ba abin da za ka yi musu."

Na ce babu toka? Babu taki?

Ta ce babu. Abu ɗaya kawai, in daina ba su ruwan asuba mai sanyin ƙanƙara, in bari rana ta ɗaga ƙasa ta ɗumama. In sanyin ya sassauta da kansu za su koma kore.

A duk magungunan da ta ba ni wannan ne ya fi wuyar sha. Ina zuwa in zauna a rumfa in zuba musu ido, hannuna yana ƙaiƙayi. Sau biyu na ɗebo kashin kaji daga akurkin Inna a ɓoye don in ba su ƙarfi. Na farko na fasa a hanya. Na biyu na zuba wa wasu 'yan tsirrai a kusurwa don gwaji, kwana biyu bakin ganyensu ya ƙone ƙurmus. Ban kai mata waɗannan ba, sai bayan shekaru na ba ta labari. Sauran kuwa, da aka yi kwana goma sanyi ya ɗan ja baya, sabon ganye ya fito kore shar, suka ci gaba da girma kamar ba su ba.

A cikin kwanakin nan ne Baffa ya zo ya zauna a rumfata, karo na farko. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi iyali. Ya daɗe yana kallon komayen.

Ya ce, "Tela, wa ke koya maka?"

Na ce ai mutum yana koyo a hankali.

Ya ce, "Haka ne. Amma tokar nan da yashi, a fadamar nan mutum ɗaya ke yi, kuma yanzu yana hanyar gabas. Na ga kana tafiya da ƙwarya kullum. Ka gaishe mini da 'yarsa."

Na ji kunya, na kuma ji daɗi. Ashe shi ma yana da tasa damuwar. Bana ya gwada tumatir a komi ɗaya a ƙarshen lambunsa, inda ya saba sa kuɓewa, bai gaya wa kowa ba saboda ya sha yi wa surukina tsiya a kan tumatir. Tsirransa da rana ta yi zafi sai su yi yaushi, da yamma su farfaɗo, ga su rawaya-rawaya, ba sa girma. Ya ƙara ruwa, ya rage ruwa, duk ɗaya.

Shi ba zai shiga cikin gidanmu ba, don haka washegari matarsa, wadda muke kira Goggo, ta zo da ƙwarya a rufe da faifai kamar mai kawo abincin biki. Ina zaure ina jiyo su. Matata ta wanke saiwar, ta nuna mata duk ta yi ƙulli-ƙulli kamar an zura duwatsun wuya a zare. Ta ce ciwon a ƙasar yake, ba a iri ba, kuma wurin da aka daɗe ana sa kuɓewa ya fi yin haka. Waɗannan ba za su yi albarka ba ko an dasa, a tuge a ƙone. In Baffa zai sake raino ya canza wuri, ya koma inda ya sa albasa bara, ya tara kara a kan komin ya babbake shi kafin ya yafa iri. Goggo ta sa ta maimaita sau biyu don kada ta manta a hanya. Lokacin sake shuka ya ɗan ƙure, don haka matata ta leƙo zaure ta tambaye ni ko za mu iya ba shi daga namu. Duk da mutuwa da cira da gyare, abin da ya rage ya fi ƙarfin filin da zan iya ba ruwa ni kaɗai. Na ce a ba shi.

Kafin ƙarshen ranin mata uku ko huɗu suka zo da ƙwarya, har da wata daga wajen Tudun Wada da ta zo ganin gida ta ji labari. Inna ta yi ta mita wai an mai da mata tsakar gida fadama, amma ita ke fara shimfiɗa musu tabarma.

Mun yi dashe da tsirran suka kai tsawon taƙi, karansu ya yi kaurin tsinken tsintsiyar kwakwa. Kwana uku kafin nan ta sa na rage musu ruwa don su saba da wahala, ranar kuma na jiƙa komin sosai don su fito da ƙasarsu. Da la'asar sakaliya muka fara, ni da Baffa, shi yana huda rami da turke ni ina sawa ina dannewa. Ta riga ta gargaɗe ni cewa washegari zan tarar duk sun kwanta kamar matattu, kada in zo mata da ƙwarya. Haka kuwa na tarar. Na tsaya na dube su, na ba su ruwa, na koma rumfa na ɗauki hulata. A kwana na uku suka ɗaga kai.

Surukina bai dawo ba sai a rani na uku, don haka wannan tumatir bai gan shi ba. Da ya fara nuna, na tsinki kwando biyu, na ari jakin Baffa, na nufi Kwanar Dangora tun da sassafe, inda motocin Kano da Zariya ke tsayawa. Ban taɓa sayar da abin da ba ɗinki ba, ban ma san yadda ake kasawa ba. Wata mai tuwo a bakin hanya ta gan ni ina dabur-dabur, ta zo ta ɗaga ɗaya ta latsa, ta gutsira, ta ce duka za ta ɗauka, kuma in akwai wani mako mai zuwa in kawo mata. Kafin azahar na juyo, kwanduna a wofi, ina bisa jaki ƙafafuna suna lilo. Na tsaya na sayi tsire da rake na ƙulle a gefen riga.

Da na shiga gida Inna ta karɓi raken. Matata ta yi mini sannu da zuwa, ta kawo ruwa, sannan ta jawo kwandunan ta leƙa ciki. A gindinsu akwai jan ruwa da 'ya'yan tumatir a manne.

Ta ce, "Nawa suka fashe a hanya?"

Na ce ba su da yawa, na ƙasa ne kawai, jakin ne mai sassarfa.

Ta ce mako mai zuwa in shimfiɗa ganye a gindin kwando, in sa masu tauri a ƙasa, nunannu a sama, in kuma tsinke su tun suna ruwan ɗorawa. Na ce to. Ta kwance tsiren, ta raba uku, muka zauna muka ci.